Hannun Hagun Yaya

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu na Argungu wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tanka masa sai ta kama dole. Kunya ce, haka muka taras, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayaninta, don ba a ga abin bayani a ciki ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, uwar mahaifiyata, a wata unguwa kusa da gulbi. Ita na tashi ina kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa, da na ji ƙannenta suna ce mata Yaya, ni ma sai na bi sahu, kuma Yaya na ci gaba da kiranta har furfura ta fara fito mini. Ita kuma in magana ta biyo ta kaina, sai ta ce "ɗiyar Inna", tana kallon wani wuri daban.

Kada a ɗauka na tashi cikin maraici. Inna ta shagwaɓa ni har ƙannen uwata suna cewa an lalata yarinya. Amma yaro yana da ido. Ina ganin yadda Yaya take jawo kan ƙanwata ta ɗora a cinya, tana yi mata kitso tana zaginta cikin wasa. Ina ganin yadda take rarrashin ƙanena in ya faɗi. Ni in na je gidan, sai ta sa a dama mini fura, ta ce a zuba nono fiye da na kowa, ta shige ɗaki abinta. Na sha furar nan shekara da shekaru ina jin haushi, kuma ban taɓa rage ko kurɓi ɗaya ba, don haushi daban, yunwa daban.

Yaya tana da sana'ar hannu da aka san ta da ita a unguwa, wato bargon haɗi. Tsofaffin zannuwan da suka gaji take jerawa biyu ko uku a ciki, ta yanka ƙyallaye masu sauran ƙarfi ta harhaɗa su a sama, ta bi duka da allura layi-layi har su zama abu ɗaya mai nauyi. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da fadama lokacin sanyi ya san amfaninsa. Aiki na ƙarshe, wanda kuma ya fi cin rai, shi ne lafi. Za a yanko zirin ƙyalle mai tsawo, a lulluɓe gefen bargon da shi, rabi a sama rabi a ƙasa, a kalmashe bakinsa ciki, a bi shi da ƙananan ɗinki har a zagayo inda aka fara. Zirin nan ba ya zama inda aka ajiye shi. In an sassauta ya zame, in an ja da yawa bargon ya tattare. Yaya da babban yatsa da manuni na hagu take danne shi, hannun dama yana biye da allura, kuma ban taɓa ganin ta nemi wani ya taya ta ba.

Ta yi wa ƙanwata guda da za ta yi aure. Ta yi wa matar ƙanena, ta yi wa 'ya'yan maƙwabta, har da wata da ko gaisuwar kirki ba ta iya ba. Ni da nawa auren ya zo, Inna ce ta yi mini komai, Yaya ko ɗakin da aka tara kayana ba ta leƙa ba. Haka ya kamata, kuma mata sun yaba mata. Na tare a Birnin Kebbi da bargon kanti mai zanen damisa wanda yake sa ni ƙaiƙayi, ban kuma gaya wa kowa abin da na so a ce an yi mini ba.

Shekaru suka tura. Inna ta rasu, mahaifinmu ya bi bayanta. Na haifi 'ya'ya mata biyu, ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati, muna zaune a Gwadangaji. Sai wata damina ƙanena ya kira ni a waya ya ce Yaya ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Hawan jini ne. Allah ya taimaka hankalinta garau, bakinta ma bai karkace sosai ba, amma hannun hagu ya shanye, ƙafar kuma sai jan ta take yi. Likita ya ce sai an riƙa kawo ta ana gasa mata gaɓoɓi ana motsa su, kuma zirga-zirga daga Argungu ba za ta yiwu ba. Ƙanwata tana aure nesa. Ba yadda aka iya, aka kawo ta gidana, gidan 'yar fari kuma gidan suruki, kunya biyu a ƙwarya ɗaya. Mijina, Allah ya saka masa da alheri, ya mai da cin abincinsa da hirarsa ƙofar gida, in zai shigo kuma tun daga bakin titi yake fara gyaran murya, har maƙwabta suka fara tambaya ko mura yake yi.

Tun ranar da na gan ta kwance a gadon asibiti wani tsoro ya shige ni. Ba tsoron mutuwarta kaɗai ba, kowa zai mutu. Tsorona shi ne ta tafi ban taɓa sanin ko ina cikin ranta ba. Mace ta haura arba'in, da 'ya'yan da suka kusa isa aure, tana kwana tana tashi da tambayar 'yar yaye. Na ji kunyar kaina, amma tambayar ba ta tafi ba.

Zamanta a gidana bai canza komai ba. 'Ya'yana ne suke yi mata wanka, su shafa mata man zafi, su ba ta magani. Babbar ta gama sakandare tana jiran sakamako, don haka wuni take a gida. Da su Yaya take hira, tana kushe girkinsu, suna ce mata tsohuwa mai ƙorafi, ana dariya. In na shigo sai hirar ta lafa. Ina tsaye a gabanta za ta ce wa babbar, "A ce ma ɗiyar Inna gishiri ya yi yawa ga miyag ga." Ni ma sai in juya in ce wa yarinyar, "Ki ce an ji, za a rage." Yarinyar tana tsakiya tana kallonmu, wani lokaci har ta gaji ta ce ita ba masinja ba ce.

Cikin kayan da aka kawo mata akwai wani ƙunshi da ba ta bari a kwance ba. Wata rana da la'asar na dawo daga aiki, na taras an shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, an baje bargon haɗi a kai. An gama komai, saura lafi. Yaya tana zaune ta ɗora gefensa a gwiwa, ta ɗauko mataccen hannun da na dama ta aza a kan zirin don ya danne shi. Tana soka allura zirin ya zame. Ta gyara, ya sake zamewa. Ina tsaye da jaka a kafaɗa ina kallo, ita kuma ba ta ɗago ba. Can ta ce, ba da ni ba, ba da kowa ba, "Hannu guda ba shi ɗaukar jinka."

Na ajiye jakar, na zauna a gabanta ko kayan aiki ban cire ba. Na ɗauki zirin na lulluɓe gefen da shi, na kalmashe bakin, na danne. Gwiwata tana taɓa tata. Tun da aka yaye ni ba na jin mun taɓa zama kusa haka.

Riƙon lafi ba wuya gare shi ba, sai dai yana son mutum ya kasance a wurin gaba ɗayansa. Manyan yatsu biyu a sama, sauran a ƙasa suna tallafe, kana gaban allura da kamar faɗin yatsa. In mai ɗinki ta ja zare, ka matsa kaɗan, ka sake kalmashewa, ka danne. In ka yi saurin matsawa bakin ya buɗe, in ka yi nawa allura ta same ka. Yaya ba ta ce mini "riƙe" ko "saki" ba. Iska take gaya wa. "A sassauta." "A matsa gaba." "An ja da yawa." Duk sukar da za ta yi, bayan yatsunta sai ya goga nawa. Ina jin numfashinta, ina jin warin man zafi, ina ganin zanen Kabawa a kumatunta da tsufa ya fara haɗiyewa. Sau ɗaya allura ta soke ni a babban yatsa har jini ya tsatso. Ta dakata, ba ta ce sannu ba, amma daga nan ta rage sauri.

Muka yi 'yan kwanaki a haka, kullum da la'asar. Aikin ba ya sauri, don tana gajiya da wuri. Ni dai ina jin daɗin da na rasa inda zan sa shi, amma ina kuma lura da ita. Ba ta ɗago ido ko sau ɗaya. Mayafinta kullum a jawo har goshi, jikinta a sandare, gumi yana tsattsafo mata a leɓe ko da iska tana kaɗawa. Wata rana maƙwabciyata ta yi sallama ta shigo ta same mu gwiwa da gwiwa. Yaya ta saki allurar, ta kau da kai gefe kamar an kama ta da abin wani. A nan na yanke hukunci a raina cewa azabtar da tsohuwar nan nake yi. Lalura ce ta sa ta zama da ni haka, kunya tana cin ta, ni kuma ina morewa. Na ce ba zan zama mai cin ribar ciwon uwata ba.

Maƙwabciyar nan tawa Bayarabiya ce, tun tana amarya ta zo daga kudu, Hausa a bakinta har da karin mutanen Kabi. Tana da ɗan shago a jikin gidanta inda take sayar da zare da allura da maɓallai. Na je na gaya mata ina son abin da zai riƙe lafi ba sai da mutum ba. Ta ɗauko mini kwalin fil masu kawuna kala-kala, ta nuna mini yadda ake yi: a kalmashe, a soka fil a gicciye, a bar tazarar tafin hannu a soka wani, mai ɗinki in ta iso kowanne sai ta zare shi ta wuce. Dabara ce mai kyau, har yau ban ga laifinta ba. Da hannu ɗaya ma mutum zai iya.

Washegari kafin in tafi aiki na zauna na jera fil a gefe guda cur, tsaf kamar an auna. Ina alfahari da kaina na kai bargon gabanta, na ce wa babbar 'yata, "Ki ce wa Yaya yanzu ba sai ta jira kowa ba. Duk lokacin da ta ga dama ta yi abinta."

Yaya ta dubi fil ɗin ta daɗe. Ta taɓa kan guda da yatsa. Ta ce, "Madalla. An gode."

Da na dawo da la'asar babu tabarma a ƙarƙashin dogon yaro. Washegari ma haka. Bargon yana naɗe a ƙunshinsa a bayan ƙofa. Ta fara rage abinci, hira da jikokin ma ta ja baya. Ba a yi mako ba ta sa aka kira mata ƙanena, ta ce gashin ya isa haka, ga yankan shinkafa ya matso, gida take so. Na ce wa yarinyar ta gaya mata likita bai sallame ta ba. Ta ce a ce wa ɗiyar Inna likita ba shi ne Allah ba.

Ranar da ƙanena ya zo da mota, ta kira jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu ta sa musu albarka. Ni da na sunkuya a bakin taga, ta dubi kujerar gaba ta ce, "A gaida mai gida." Motar ta tashi. Na koma ciki na kwaso tukwanen da aka riga aka wanke na sake dirje su, ina yi ina faɗa a zuci. Na riƙe miki, kin ji kunya. Na sama miki hanyar da ba sai kin gan ni ba, kin tattara kin tafi. To me zan yi? Ranar na yi fushi da Yaya irin wanda ban taɓa yi ba, na kuma yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna.

Bayan kwana biyu maƙwabciyata ta leƙo ta ji ko fil sun yi aiki. Na zazzage mata duk abin da ke cikina. Ta fara da dariya, ta ce, "Ku Hausawa kun iya wahal da kanku. Ni tun da na haihi ɗana na hwari sunana ya ɓace, da nashi a ka kirana har kasuwa. Ku ko kun ɗauki naku kun ɓoye." Da ta ga ba dariya nake ji ba sai ta ja kujera ta zauna.

Ta ce, "Bari in tambaye ki. Ɗiyarki babba ba gida take wuni ba?"

Na ce gida take wuni.

"Hannunta biyu lahiya lau, ba abin da ta ka yi sai latsa waya. Mama ta taɓa cewa ta riƙe mata?"

Na ce ban taɓa ji ba.

"Ni kaina na shigo da hantsi ba sau ɗaya ba, na ce Mama, kawo in riƙe maki mu rage. Ta ce a'a, rana ta yi zahi, sai an jima. To ni shagona bakin layi yake, ina ganin saukarki daga keke mai ƙahwa ukku. Kina sauka ni ka jin muryarta ta katanga tana cewa a shimhiɗa tabarma. Wa yac ce maki fil ta ka nema?"

Na kira 'yata na tambaye ta. Ta ce ai kullum haka ake yi, tun azahar Yaya take sa ta zura zare a allura ta soke a gefen zane, amma ba ta yarda a kwance ƙunshin sai ta ji motsina a ƙofa. Ta ce ita ta ɗauka na sani. Na dube ta na rasa ko in mare ta ko in rungume ta. Garin neman gira na rasa ido, kuma da hannuna na yi, da kyakkyawar niyya.

Asabar tana zagayowa na shiga motar Argungu. Shinkafa ta nuna a fadama, wasu har sun fara yanka, amma ni ban ga kyan komai ba. Idan fa maƙwabciyata ce ta yi kuskure? Idan na je tsohuwar ta kau da kai, wace fuska zan dawo da ita?

Gidan yana ƙamshin shinkafar da matar ƙanena take turarawa a babbar tukunya. Yaya tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta rame fiye da yadda ta bar gidana. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon kaji. Na tambayi matar ƙanena inda aka ajiye ƙunshin, ta ɗauko mini. Fil ɗin suna nan yadda na jera su, ko ɗaya ba a taɓa ba. Na zauna a gaban Yaya na zare su ɗaya bayan ɗaya, na tara a tafin hannu na miƙa wa matar ƙanena na ce ta ajiye, za su yi mata amfani. Sannan na ɗora gefen bargon a gwiwar Yaya, na lulluɓe, na kalmashe, na danne daidai inda ɗinki ya tsaya.

Ba ta motsa ba. Kaji suna ta tono, tukunya tana tafasa, ni ina riƙe da lafi ina kallon yatsuna. Na daɗe a haka har kafaɗuna suka fara ciwo. Na ce a raina ko zan kai magariba ba zan saki ba, sai dai ita ta ce in saki.

Can ta yi gyaran murya ta ce wa matar ƙanena, "Ke, zura mani zare."

Daga ranar kowace Asabar ina hanyar Argungu. Mijina ya ce ko in nemi canjin aiki ne in koma can gaba ɗaya, na ce ya bar ni da abin da ya dame ni. Ɗinkin yana tafiya a hankali, wata rana mu yi kamu biyu, wata rana ko ɗaya ba ma cikawa ta ce ta gaji. Kusurwa ta fi ba mu wuya, don a nan sai an naɗe zirin ya yi kunne, a danne shi ta wuri uku lokaci guda. Na yi na yi ya ƙi zama. Faɗa wa iska bai wadatar ba, dole ta soke allurar a zane, ta kama yatsuna da hannunta ta jera su inda take so. Tafinta yana da kaushi da ɗumi. Ta gama jerawa ta janye da sauri, ta ce an cika taurin hannu.

A waɗannan Asabar ɗin ne ta fara magana in muna aiki. Ba da ni take yi ba, da bargon take yi. In allura ta iso kusa da wani ƙyalle sai ta ce wannan daga rigar mai gida ne, wato mahaifinmu, wadda yake zuwa masallacin Juma'a da ita. Wannan ragowar atamfar bikin wance ne. Da muka iso wani ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo ba ta ce komai ba, ba kuwa sai ta faɗa ba, zanen Inna ne, na sha kwana a kansa. Matar ƙanena, mai baki ce, ita kuma Inna take ce wa Yaya, ta taɓa tsokanarta ta ce, "Inna, wai wa za a ba wanga bargo da anka sha ma wahala haka?" Ta ce mata ta je ta duba tukunyarta. Ni ban tambaya ba, ina tsoron amsar.

Jikinta kuma yana ƙara sauka. Wata Asabar na taras maganarta ta yi nauyi, ƙanena ya ce a tsakiyar mako ta ɗan sake rikicewa, ya kuma ce da za a bar ɗinkin nan ta huta. Na ce ya gaya mata da kansa in ya isa. Bai isa ba. Ni kuwa tsoro biyu ne suka sa ni gaba: kada ta tafi ba mu gama ba, kada kuma mu gama in rasa dalilin zama a gabanta.

Muna gefe na ƙarshe zirin ya ƙare, saura kamar kamu ɗaya a rufe. Matar ƙanena ta ce bari ta yanko daga wani sabon yadi da take da shi. Yaya ta ce a'a, ta buɗe adakarta ta duba can ƙasa. Aka fito da wani tsohon saƙi, shuɗinsa ya koɗe, tsakiyarsa ta yi laushi har ana hango haske ta ciki.

Matar ƙanena ta ɗaga shi ta ce, "Inna, wanga ai ya mutu. Ba shi kai shekara zai yage."

Yaya ta ce, "Ga gehe a ka yankowa, gehen na da ƙarhi. Shi za a sa." Sannan ta ƙara da cewa, "Da shi anka goyi wata, kahin a amshe ta."

Matar ƙanena ta dube ni, ta dubi saƙin. Ta yanko zirin, ta ajiye almakashi a kan tabarma, ta ce shinkafarta za ta ƙone, ta fita ta bar mu. Ni ban ɗago ba. Na haɗa bakin sabon zirin da tsohon, na lulluɓe, na kalmashe, na danne. Lafin yana neman zamewa, ina ƙara dannewa. Ashe ta ajiye shi. Duk shekarun da nake shan fura ina jin haushi, yana can ƙasan adaka a ninke. Na so in yi magana, na san kuma in na yi zan ɓata mata abin da ta daɗe tana shiryawa, sai na haɗiye.

Wannan kamu ɗaya shi ne ɗinkin Yaya na ƙarshe a duniya, don ba ta ga wata daminar ba. Ranar kuwa ta yi shi a natse, sukar allura ƙanana, a jere, kamar lokacin da take da lafiya. Inuwa ta bar ƙofar ɗaki ta koma bango muna kai. Da ta iso inda muka fara tun a Gwadangaji, ta maimaita suka a wuri ɗaya, ta zagaya zaren ta ƙulle. Almakashi yana nan kusa da gwiwata, na yunƙura zan saki hannu ɗaya in ɗauko, sai ta sunkuya za ta yanke zaren da haƙori yadda ta saba.

Goshinta ya sauka a bayan hannuna. Na ji lokacin da zaren ya tsinke, amma ba ta ɗago ba. Ta zauna a haka, nauyin kanta duka a kan yatsuna, numfashinta yana fita da ƙyar, har na ji danshi yana bin tsakanin yatsun. Ban motsa ba. Babu sauran abin riƙewa a bargon, amma ban saki ba, ita ma ba ta ce a saki ba. A nan tambayar da na kwana da ita tun ina yarinya ta bar ni.

Da ta ɗago ba ta dube ni ba. Ta share fuska da gefen mayafi, ta juya wajen tsakar gida inda rana ta fara ja, ta ce, "A naɗe shi. Mai shi na da nisa, kar dare shi yi mata ga hanya."

Na ce, "To, Yaya." Na naɗe shi na rungume, na fita neman motar Birnin Kebbi.